Ƙulli Ɗaya Daga Kan Mai Takaba

Na shiga Garwa da zabirar wanzanci a kafaɗa da takardar banza a aljihu. Takardar a hanya na same ta, kwana ɗaya da barin Yola. Wani mutum mai jar hula ya tare mu a bakin wani rafi, ya ce daga nan ƙasar Jamus ce, duk wanda ya shiga ba takardar izini sai ya sha bulala. Fataken da na biyo suka yi dariya suka kora jakunansu. Ni kuwa da ban taɓa fita ƙasar Kano ba, na tsaya. Ya karɓe rigata ta ado, ya ba ni takarda mai hoton tsuntsu a kai, na riƙe ta kamar laya har Garwa. Da na nuna wa fatomana, wato mai masaukina, ya juya ta gaba da baya, ya sansana, ya ce, "Ɗana, wannan ai da ita ake naɗe kyandir a kantin Bature. Amma ajiye abinka, tsuntsun ya yi kyau."

Fatoman nan Baba Sule ake ce masa, Bakatsine ne, yana zaune a Garwa tun Jamus ba su zo ba. Shi ya ba ni kusurwar zaurensa da tabarma. Abin da ya kawo ni garin kuwa, labari ne na ji cewa sojan Jamus yawancinsu Hausawa ne, kuma ba su da mai yi musu aski. Da na je gindin bishiyar da ke kusa da bariki, sai na tarar da wanzamai huɗu a zaune suna wasa asake. Kowannensu labarin da na ji shi ya ji.

Na yi wata uku ina aske kawunan da suka rage. Kasuwa duk Fillanci ce, in ka ji Hausa to soja ne ko falke. Zafin garin kuwa, mutumin Kano ba shi da bakin yin kurin ya san rana sai ya zauna a Garwa da bazara. Kogin Binuwai a lokacin da ƙafa ake haye shi, aka ce mini da damina jirgi mai hayaƙi yakan zo har bakin gari, na ɗauka irin zancen mai jar hula ne. Yunwa ba ta dame ni ba, don matar Baba Sule ba ta manta da ni. Abin da ya dame ni shi ne duk garin babu wanda ya san ubana, babu wanda zai kira ni da sunan da ake kirana a gida. Wani lokaci nakan bi bayan fataken da suka sauka daga Kano ba don komai ba, don dai in ji yadda suke faɗa da juna.

A gindin bishiyar nan Baturen ya same ni. Ba soja ba ne, ba ɗan kasuwa ba, ba mai shari'a ba. Mutanen gari suna ce masa Mai Awon Kai, saboda wani ƙarfe da yake yawo da shi mai kama da awartakin maƙera, yana ɗora wa mutane a ka yana rubutawa. Ya tsaya yana kallona ina aske wani soja, sai ya nuna tsagen fuskarsa ya ce, "Wannan mene ne?" Na ce Bagobiri ne. Ya nuna wani mai wucewa, na ce Babarbare. Ya nuna wani, na ce wannan bille ne kawai, na gidansu ne, ba ya faɗin gari. Ya gwada ni a kan mutum kusan goma, yana kiran kowa yana tambayarsa, ban faɗi ko ɗaya ba. Wanzamin da bai iya karanta fuska ba ai bai gama koyon sana'a ba.

Hausarsa a littafi ya koya a ƙasarsu. In zai gaishe ka sai ka ce wasiƙa yake karantawa, kuma namiji da mace duk "ke" ne a wurinsa. Sunana Bawa, amma har muka rabu Bafa yake ce mini. Ya ce zai zagaya ƙasar arewa ya dawo kafin jirgin damina, yana son in bi shi.

Na gaya wa Baba Sule. Ya ce, "Me yake saye?"

Na ce, "Baba, ba ya sayen komai. Tambaya yake yi."

Ya ce, "An ce matambayi ba ya ɓata. Ban ji an ce komai a kan ɗan rakiyarsa ba. Allah ya kiyaye hanya."

Muka tashi da 'yan alaro masu ɗaukar kaya kusan ashirin, da soja biyu, da tafinta mai suna Hammadu. Hammadu ya girme ni da kaɗan, siriri ne, ba ya son yawan magana sai in zai tsokane ni. Kaɗo yake ce mini, ni kuma ina ce masa ɗan Fulanin da ba shi da ko akuya. Yana jin Fillanci da Hausa, da wasu harsunan mutanen dutse waɗanda ba ya son a tambaye shi inda ya koye su.

Aikin ba wuya. Duk garin da muka sauka a tara dattawa, Bature ya zauna a kujerarsa ta naɗi ya fara. Yaya kuke binne mamaci? Wa ke raɗa wa jariri suna? Da me kuke rantsuwa? In an ba shi amsa sai ya ce, "Me ya sa?" In an ba shi amsar wannan ya sake cewa, "Me ya sa?" har dattijo ya gaji ya ƙirƙiro wani abu don a ba shi gishirinsa ya tafi. In Hammadu ya gaji shi ma yakan taya su ƙirƙira. Ni nawa in faɗi tsagen kowa, Bature ya zana. Da rana in mun sami inuwa yakan ba mu labarin inda ya je: ƙasar da ake ƙona gawa a bakin kogi, da ƙasar da ake ɗora ta a kan hasumiya tsuntsaye su cinye, da tsibirin da mutum ba ya faɗin sunan surukarsa har ya mutu. 'Yan alaro su yi ta salati. Ya ce so yake ya tara al'adun 'yan Adam duka a littafi ɗaya, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Ban ga laifin wannan ba, har yanzu ma ban gani ba.

A garin Gidar ya fito da ainihin abin da ya ɗauke ni dominsa. Ya buɗe wani akwatin ƙarfe, cike da 'yan takardu naɗaɗɗu kamar layu. Ya ce gashi yake so, na kowace ƙabila, ɗan kaɗan. Ya ce in ya roƙa da bakinsa mutane gudu suke yi, amma ni kullum gashi a hannuna yake.

Duk wanda ya tashi a gidan wanzamai ya san abin da ake yi da gashi. In ka gama aski ka tattare shi tsaf, ka damƙa wa mai shi a hannu, ko ka binne a gabansa. Mutum ya miƙa maka wuyansa kana riƙe da aska, ya kuma bar maka abin da maƙiyinsa zai iya kai wa boka. Ubana ya taɓa marina a kan 'yan silin gashi da na bari iska ta kwashe, ina ɗan shekara tara. Na gaya wa Bature wannan, ya rubuta, ya ce, "Me ya sa?" Na yi rabin yini ina gardama da zuciyata, daga baya na gaya wa kaina cewa gashin ƙetaren teku za shi, inda ba wanda ya san sunan mai shi balle ya yi masa sammu. Na samo dabara: in matse ɗan kaɗan tsakanin yatsa da tafin hannu, in tattare sauran in miƙa wa mai shi da hannu biyu, ya yi mini godiya. Kafin mu kai Marwa na gwanance. Ban bar kowa ba, har 'yan alaronmu, har Hammadu.

A Bogo zazzaɓi ya kayar da ni kwana shida. Wata Bashuwa mai sayar da nono a kasuwa, wadda ba ta jin maganata ba na jin tata, kullum da hantsi sai ta ajiye mini ƙwarya a bakin rumfa ta wuce, ba ta taɓa tsayawa na gode mata ba. Ina kwance a rumfar nan na ji wani tsohon malami ya juya wa Bature tambaya. Ya ce, "Ku fa, yaya kuke binne naku?" Bature ya ce a akwati, kuma masu makoki baƙaƙen kaya suke sawa. Malam ya ce, "Me ya sa?" Bature ya yi dariya, ya ce haka suka tarar. Malam ya ce, "To, rubuta wannan. Amsar kowa ke nan, ka huta da yawo." Bature ya rubuta kuwa, amma bai huta ba.

Ruwa ya sauka muna kan hanyar dawowa. Muka ratse yamma muka nufi duwatsu, muka sauka a gindin wani ƙauye da ke manne a jikin dutse, tafiyar kwana biyar daga Garwa. Da mutanen suka hango bindiga suka haye sama, sai da muka kwana uku muna ajiye gishiri a kan wani falalen dutse kafin suka sauko. Hammadu ya yi musu magana da harshensu, suka zuba masa ido. Ran nan ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "Uwata daga irin dutsen nan aka ɗauko ta. In ka faɗa wa wani a Garwa, Kaɗo, da askarka zan yanka ka."

A cikin waɗanda suka sauko akwai wata mace, za ta yi sa'ar yayar uwata. Ita kaɗai ce mai suma a cikinsu, sauran mata duk kansu a aske yake. Gashinta a ƙulle yake ƙulli-ƙulli, an shafe shi da jar ƙasa da man maɗaci. Aka kawo mana giya a tukunya, na kau da kai. Ta lura. Ta tafi, can sai ga ta da kunun gero a sabuwar ƙwarya, ta kwankwasa ƙwaryar da yatsa ta nuna mini cikinta don in ga ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ta ajiye a ƙasa ta ja da baya, don ba ta miƙa wa kowa abu hannu da hannu. Tun daga ranar nake ce mata Inna, ban taɓa sanin sunanta ba.

Hammadu ya bayyana mana cewa takaba take yi. A wurinsu in miji ya mutu matar ba ta aski shekara guda, ba ta cin abinci da kowa, ba ta shiga ɗakin kowa. In shekara ta cika sai a aske ta, a zuba gashin a tukunyar mamacin a rufe da yumɓu, shi ya tafi wurin kakanninsa, ita kuma ta koma cikin mutane. Maƙeri ne yake askin, don ɗan dangi ba ya taɓa kan mai takaba. To maƙerinsu an kama shi an kai aikin hanya, bai dawo ba. Shekararta ta cika har ta gota. Tsohon da ke riƙe da al'amuran tsafinsu ya ga ina aske wani ɗan alaro, ya daɗe yana kallon askata, sannan ya tambaya ko baƙon nan zai yi.

Bature ya kusa tashi sama don murna. Da safe yana kafa akwatin hotonsa mai ƙafa uku ya kira ni gefe ya ce, "Bafa, wannan gashi ya fi duk wanda muka tara." Na ce to.

A kan wani shimfiɗaɗɗen dutse aka yi, rana ta ɗaga. Ta durƙusa, aka shimfiɗa fatar akuya a gabanta, mutanen gari suka tsaya nesa suna wata waƙa ƙasa-ƙasa. Na yi bisimilla a zuciyata na fara. Gashin ya yi tauri da ƙasa, sai da na wasa aska sau uku. Ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Da na zo ƙeya, inda jikina ya kare hannuna daga idon jama'a, na yanke wani ƙulli ƙarami na tura a hannun riga. Na naɗe fatar da sauran gashin na miƙa wa tsohon. Ta shafa kanta da tafi biyu, ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta aiko mini da kaza.

Sai washegari za a rufe tukunya, amma labari ya iso cewa kogi ya kawo, jirgi ba zai jira kowa ba. Muka tashi da azahar, Bature yana ta baƙin cikin abin da zai wuce shi.

Kwana biyu da tashinmu, da la'asar, wani ɗan alaro ya ce ana bin mu. Na waiwaya na hango ta, kai a aske, ba kaya ba sanda, tana tafe a bayanmu kamar nisan jifa. In mun tsaya ta tsaya. Soja ya kore ta, ta koma bayan wata bishiya, da muka ɗaga ta fito. Hammadu ya je wurinta, suka daɗe. Da ya dawo ya zauna kusa da ni ya ce, "Kaɗo, nawa ka aske?"

Na ce, "Nawa me?"

"Ƙulli."

Na ce, "Wa yake ƙirga gashi?"

Ya ce, "Su. Duk tsayuwar wata takan ƙulla ɗaya, har shekara ta cika. Goma sha biyu ne. Tsoho ya ƙirga a bakin tukunya ya sami goma sha ɗaya, ya ƙi rufewa. Yanzu ba ta cikin takaba, ba ta kuma fita ba. Gashin da za a sake ƙullawa babu, ka aske. Mijin yana nan bai tafi ba. Ba mai ci da ita, 'ya'yanta ma ba za su taɓa ta ba, har sai ɗayan ya dawo."

Akwatin yana nan a kan wani ɗan alaro, taku ashirin daga inda muke zaune. Da na buɗe baki a lokacin, da magana ta ƙare a nan. Amma in na ce yana akwati, sai a tambaye ni me kuma ke cikin akwatin, ga mutum ashirin a zaune waɗanda duk na aske su da hannuna suka yi mini godiya. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na ce wataƙila ya faɗa tsagar dutse, su koma su duba. Hammadu ya kai mata wannan. Ta saurara, ba ta koma ba.

Kwana uku tana bin mu cikin ruwa da taɓo. Hammadu yakan ajiye mata dafaffiyar dawa a kan dutse ya matsa, ta zo ta ɗauka. Bature ya tambaya wace ce, aka ce masa wata ce mai zuwa kasuwa tana fakewa da sojanmu, ya gyaɗa kai. Ni kuwa na daina waiwaye. Kazar da ta ba ni tana rataye a zabirata, na rasa yadda zan yi da ita, ban iya yankawa ba ban iya yarwa ba.

Muka iso Garwa muka tarar da jirgi a bakin gari yana hayaƙi, ashe gaskiya ne. Aka wuce da kayan Bature bariki. Inna ta sami gindin wata tsamiya kusa da gidan Baba Sule ta zauna. Matarsa ta yi ta yi da ita ta shigo, ta ƙi, sai dai a ajiye mata tuwo a ƙasa. Kwana biyu tana nan. Baba Sule ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, ban san me ke tsakaninka da matar nan ba, amma kai take kallo. Mace daga dutse, ba mai ita, a garin nan? In ta ƙara kwana biyu wani zai zo ya ce baiwarsa ce da ta gudu, kuma zai sami shaidu."

Na nemo Hammadu na gaya masa komai. Ya kai hannu ya shafa kansa. Ya ce, "Har da nawa?" Na ce har da naka. Ya tofar da yawu a gefen ƙafata. Sannan ya ce, "Tashi mu je."

Muka sami Bature a bakin ruwa yana tsaye a kan masu lodi. Na ce, "Ranka ya daɗe, gashin matar dutse nake so a mayar mini." Na faɗa masa dalili. Ina magana idonsa yana haske, kafin in gama ya zaro littafi. Ya ce, "Ɗaya duk wata? Daga goshi take farawa ko daga ƙeya? Bafa, me ya sa ba ki gaya mini tun a hanya ba?" Ya rubuta shafi biyu a tsaye. Da ya gama na sake roƙonsa. Ya ce jiya aka liƙe akwatin da dalma, yana can ƙasan jirgi, an ɗora masa buhunan ƙaro, kuma jirgin ba nasa ba ne balle ya sa a sauke. Ba da faɗa ya faɗa ba, har ya dafa kafaɗata. Ya ce a ƙasarsu cikin gilashi za a ajiye shi, ba abin da zai same shi, zai fi mu duka daɗewa. Ya ce a kai mata gishiri da turmin zane, in kuma za ta yarda a kawo ta yana da sauran tambayoyi. Hammadu ya ce ba za ta yarda ba, bai ma je ya tambaye ta ba. Washegari da hantsi jirgin ya yi kuka ya juya, da Bature da akwatinsa.

Tun barinmu Marwa ba wanda ya taɓa kaina, don wanzami ba ya son jarfa, kuma ban yarda da hannun kowa a ayarin ba. Suma ta taru a ƙarƙashin hulata. Na sayo man maɗaci a kasuwa, na ɗebo jar ƙasa a gaɓar kogi, na miƙa wa Hammadu aska na ce ya yanko mini daga ƙeya. Ya yanko har da fata. Na zauna a bayan zaure na murza, na ƙulla, na shafe, na shanya a rana. Na yi shekara ashirin ina kallon gashi, na kuma riƙe na ainihin a hannuna. Da ya bushe, ni kaina da an haɗa mini su biyu da sai na yi tunani.

Hammadu ya ce shi zai raka ta har gindin dutse, ba don ni ba. Muka je gindin tsamiyar. Na durƙusa na ce, "Inna, ga shi, an samo." Na ajiye a kan ganye na matsa.

Ta ɗauka. Ba ta ko kalle shi sosai ba, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta kai hanci. Ta yi magana a hankali, Hammadu ya juya mini da Hausa.

"Ta ce wanda ya ɓata na watan farko ne. Ta ce a ranar hannunta rawa yake yi, ƙullin ya karkace, ta bar shi a haka. Wannan ya yi kyau da yawa."

Ta sake magana.

"Ta ce na wane ne?"

Na cire hula na juya mata ƙeyata. Ta daɗe tana kallon wurin. Ban ga fushi a fuskarta ba, da na gani da ya fi mini sauƙi. Ta yi doguwar magana, Hammadu ya tsaya bai juya ba sai da na taɓa shi.

"Ta ce tsoho ƙirga yake yi, zai sami goma sha biyu ya rufe tukunya, 'ya'yanta su ci abinci da ita. Za ta kai. Amma mijinta ba ƙirga yake yi ba, ya san warin kanta. Zai tarar da baƙo a tukunyarsa, zai tashi neman mai shi." Hammadu ya ci gaba. "Ta ce mutum ne da bai taɓa sauka daga dutse ba, bai san hanya ba, ba ya jin harshen kowa. Ba ta son ya sha wuyar da ta sha. Ta ce ka faɗa mata sunan garinku da na ubanka, ta gaya masa a bakin tukunya kafin a rufe."

Ni Musulmi ne, na san wanda ya mutu ba ya yawo. Duk da haka tsoro ya kama ni. Garuruwa sun fi ɗari a kaina, duk wanda na kama ba ta da hanyar ganewa. Hammadu ma ya ce mini ƙasa-ƙasa da Hausa, "Ce mata Sakkwato mu tafi."

Na ce, "Rano. Gidan Audu wanzami, bayan kasuwa."

Ta maimaita, bai fito daidai ba. Na sake faɗa mata, ta sake maimaitawa, har sau uku, sai da ya zauna a bakinta. Sannan ta ƙulle gashin a bakin fatar da take ɗaure da ita, ta miƙe, ta kama hanyar arewa Hammadu yana biye, tana tafe tana faɗin sunan ubana don kada ta manta.